Jakar da Malam Dabo Ya Sa a Lefen Malama Baraka

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagon Malam Dabo baduku a Ƙofar Marusa, kuma na fi shekara talatin ina jin ƙarar aikinshi. Tun maigidana yana raye, Allah Ya jiƙan shi, in sun fito sallar asuba sai su tsaya bakin shagon su gaisa. Malam Dabo ya buɗe ƙofa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya shimfiɗa buzu, daga nan ba ka ƙara jin muryarshi sai an kira azahar. Ba mutum ne mai magana ba. In ka kai mashi takalmi ya tsinke, zai juya shi sau biyu a hannu ya ce, "Bayan la'asar." Shi ke nan, an gama.

Gadon aikin ya yi. Mahaifinshi gafakar Alƙur'ani yake ɗinkawa da kuben wuƙa, shi kuma ya ƙara da tumtum da jakunkunan mata. Fatar jar akuya ya fi so. In majema suka kawo mashi, ba ya duba ta da ido, hanci yake kai wa, ya san wadda ta sha bagaruwa da wadda aka yi wa gaggawa. Matarshi Bilkisu ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Siddiq, ya tafi karatu Malesiya, ya gama, aka riƙe shi yana koyarwa a can.

Malama Baraka kuwa Islamiyya ɗaya muke zuwa, Asabar da Lahadi. Malamar firamare ce, ita ma mijinta ya rasu, mace mai fara'a da saurin dariya. Hannun jakarta ya tsinke ta kawo gyara. Ina tankaɗen gari na ji Malam Dabo ya ce, "Bayan la'asar," sai kuma na ji ya ƙara da, "Ya yara a makaranta?" Na ajiye rariya. Shekara talatin ban taɓa jin ya ƙara wa kowa kalma ba.

Ba a yi wata huɗu ba maganar aurensu ta kai gidan yayanta, Alhaji Nu'uman, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati yana zaune a GRA. Bai hana ba. Amma da Malam Dabo ya je gaisuwa, yatsu uku ya miƙa mashi, kuma matarshi Hajiya Ramla ta tambayi Baraka har sau biyu, "Baduku kika ce? Mai gyaran takalmi?" Maganar ta dawo unguwa, har Malam Dabo ya ji.

Sai ƙarar shagon ta canza. Ba bugun guduma ba, wani ɗan ƙis-ƙis ne a hankali, tun safe har yamma, kusan kwana arba'in. Ranar da na je karɓar gafakata da ya gyara, na ga abin da yake yi kafin ya ja riga ya rufe. Fatar jar akuya ce ya jiƙa ta, ya kifa bisa allo, yana danna ta ta baya da wani ƙarfe mai mulmulallen kai. Duk tudun da ya taso sai ya cusa mashi auduga don kada ya kwanta. A gefenshi ga tsohon littafin makarantar Siddiq a buɗe, da hoton kada. Ya rina ta baƙi-baƙi mai duhun kore, ya goge ta har tana ƙyalli, ya yi mata shafi da jan yadi. Da jakar ta haɗu, ya sa ta a cikin lefe.

Ina cikin matan da suka kai lefen. Hajiya Ramla tana ɗaga atamfofi da bakin yatsa, tana cewa, "Ba laifi, ba laifi." Da ta iso kan jakar sai ta ɗauke ta. Ta shafa tudun nan, ta kai ta taga wurin haske.

"Kada! Wallahi fatar kada ce! Irinta na gani a Dubai cikin gilashi, ko taɓawa ba a bari a yi."

Wata ta rangaɗa guɗa. Nan take aka janye ruwan leda daga gabanmu aka kawo lemo da kaji. Ni na san abin da na gani a shago, amma ba ni ce mai jakar ba, na riƙe bakina.

Washegari na tsaya a ƙofar shagon. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, can an ce kada ce."

"Ni ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ba ka ce a'a ba."

Ya juya basillar da ke hannunshi. "Zan gaya mata. Bari biki ya wuce."

Biki ya wuce bai gaya mata ba. Ta yaya? A wurin ɗaurin aure Alhaji Nu'uman hannu biyu ya miƙo mashi, yana gaya wa abokanshi, "Wannan fa ba ƙaramin gwani ba ne, har fatar kada yake sarrafawa." Baraka kuwa duk inda za ta da jakar take zuwa, suna, biki, Islamiyya. Wadda ta taɓa sai ta ce, "A hankali, kada ce, Malam ya yi mani." Kullum ina ganin shi yana ramewa kaɗan-kaɗan cikin amarcinshi. Tsoronshi ɗaya ne: ranar da ta sani, za ta ga ya bar ta tana yawo da ƙarya a kafaɗa, ta daina kallon shi yadda take kallon shi yanzu.

Ana cikin haka Siddiq ya aiko da tashi gudunmawar. Tikitin jirgi biyu. Wai su zo yawon amarci.

Unguwa ta ɗauka! Tsofaffin da ke zama bakin masallaci suka sa Malam Dabo a gaba. "Dabo, da furfurarka? Mu da muka yi namu yawon amarcin daga ɗaki zuwa zaure?" Wani ya ce, "Ka riƙe hularka da kyau, an ce iskar sama tana da ƙarfi." Shi da bai taɓa wuce Kano da Maraɗi ba, sai murmushi yake yi yana cewa, "Yaro ne ya matsa." Baraka ta soya dambun nama, ta ƙulla yaji, ta yi mani alkawarin saƙon murya kullum.

Ta cika alkawari. In an yi la'asar sai matan layinmu su taru a ɗakina, in ɗora waya cikin kwanon silba don murya ta fito. Su can suna gabanmu da awa bakwai, lokacin da muke asuba su suna shirin azahar. Wannan kaɗai sai da muka yi rabin yini muna jinjina shi.

Siddiq ya tarbe su a babban birni, suka kwana biyu, ya sa su wani ƙaramin jirgin zuwa tsibirin Borneo, inda ya kama masu masauki a bakin wani kogi cikin daji. Shi ya tsaya, ya ce ba a bin ango da amarya.

"Yaya Safara'u!" Haka saƙon yake farawa kullum, tana haki. "Yaya Safara'u, kore! Ko'ina kore! Ba ki ganin ƙasa ko tafin hannu. Ruwan sama kullum da yamma, kamar an sa mashi agogo. Kogin kau kalar shayi da madara, faɗinshi ya kai daga nan Ƙofar Marusa har inda idonki ya tsaya. Kuma Musulmi ne, Yaya, mai tuƙa kwalekwalen namu da bismilla yake tayar da inji!"

Aka sa wa Malam Dabo rigar nan mai hana nutsewa, ruwan lemo, a kan babbar rigarshi. Ta aiko da hoton. Dije mai ƙosai ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

"Yau mun ga wani biri, wallahi in na faɗa ba za ku yarda ba. Hancinshi ya zubo har bisa baki kamar dankalin Hausa, ga ƙaton tumbi, ya zauna a reshe ya ɗora hannu a gwiwa kamar alhajin da ya ƙoshi yana jiran a kawo shayi. Malam ya ce shi ya san mai kama da shi a kasuwa, na ce kada ya kama suna."

Sai muka ji muryar namiji a bayan tata. "Gaya masu giwayen. Gaya masu ƙanana ne, kunnuwansu manya. Bakwai! Har da jariri, uwar tana tura shi da hanci ya hau gaɓa. Ga wani tsuntsu kamar cilakowa amma ya yi uku nata, da wani abu ja a bisa baki kamar an kifa mashi hula."

Muka kalli juna. Dije ta ce, "Wa ke magana?" Na ce Malam Dabo ne. Ta ce, "Dabo namu? La ilaha illallahu, daji ya buɗe mashi baki!"

Baraka ta ce abu ɗaya ne cikin maganganunshi ba ta fassara wa mutane da Turanci. Duk dabbar da ya gani, sai ya auna ta da idon sana'a. Da wani ƙaton guza ya ratsa gaban masaukinsu, Turawa suna ta ɗaukar hoto, shi cewa ya yi, "Wannan zai ba da takalmi ƙafa huɗu, har a samu ragowa." Suka tambaye ta mi ya ce, ta ce masu tasbihi yake yi.

Rana ta uku a dajin babu saƙo. Muka zauna har aka kusa magariba, kowa ta tashi jiki a sanyaye. Abin da ya faru ranar, sai da suka dawo Baraka ta zauna ta ba ni shi daki-daki, ga shi yadda ta faɗa.

Da hantsi za a kai su can saman kogi inda kadoji ke shan rana. Malam Dabo tun asuba ya shirya, don bai taɓa ganin kada mai rai ba. Baraka ta ce ai yau ranar jakarta ce, ta rataya ta. A bakin gadar katakon da ake shiga kwalekwale suka tarar da wata ma'aikaciyar gandun daji, matashiya, da koren kaki da hijabi. Ta yi masu sallama, suka amsa, tana murmushi. Sai idonta ya sauka a kan jakar.

Malam Dabo ba ya jin Turanci, Baraka ce bakinshi da kunnenshi a tafiyar. Ma'aikaciyar ta tambaye ta fatar mece ce wannan. Baraka ta gyara tsayuwa ta ce, "Kada. Mijina ne ya yi da hannunshi."

Murmushin ya ɗauke. Ta ce ina takardar fatar? Baraka ta ce wace takarda? Matar ta yi mata bayani a natse, ba faɗa: fatar irin wannan dabba ba a ƙetare ƙasa da ita sai da takardar izini. Tunda babu, za ta riƙe jakar, kuma su biyu za su bi ta ofis a cikin gari, shi wanda ya ɗinka ya faɗi inda aka kashe kadan da wanda ya sayar mashi. Sauran baƙi suka yi cirko-cirko a cikin kwalekwale suna kallo.

Baraka ta juyo ta mayar mashi da Hausa. "Malam, mun shiga uku. Ka tuna wanda ya sayar maka, ko da sunan garin ne."

Ya dubi jakar da ke kafaɗarta. Sannan ya ce, "Malama, ce mata akuya ce."

"Haba Malam! Da alwalata, a ƙasar mutane, in yi ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce. Jar akuya ce. Wurin majema na saye ta."

"Akuya."

"Akuya."

"Wadda na shiga da ita gidan Yaya ina juyi? Wadda na hana matan Islamiyya su taɓa?"

Ya sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar tana tsaye tana jira a fassara mata. Baraka ta ce a rayuwarta ba ta taɓa furta kalmar Turanci mai nauyin wannan ba, ita da ta koya wa ɗaruruwan yara sunan akuya a allo. Ta dai faɗa.

Matar ba ta yarda ba. Ta ce shekararta tara tana duba fatu, ta san kada in ta gan shi. Malam Dabo ya ce a ara mashi wuƙa. Mai kwalekwale ya miƙo tashi. Ya zauna dirshan a kan katako, ya juye kayan jakar a cinyar rigarshi, ya kama jan shafin nan yana warware ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya yanki yadin ba. Ya ɗaga shi, ya sa bakin wuƙa ya zaro audugar da ke ƙarƙashin tudu ɗaya, ya danna da babban yatsa. Tudun ya kwanta. Ya nuna mata ƙananan ƙofofin gashi a jikin fatar, ya ce, "Tambaye ta, kada yana da gashi?"

Matar ta kai ido kusa, ta sake kaiwa. Sai ta dafe kai ta ce, "Masha Allah!" Ta ƙwala wa abokin aikinta kira ya zo ya gani. Suka ce sai ya nuna masu yadda ake yi. Ya tuɓe takalminshi, ya jiƙa harshen da ruwan kogi, ya karɓi cokalin shayi a hannun wata Baturiya, ya kifa fatar a gwiwa yana danna ta da gindin cokalin. Kafin a jima ga ƙwayoyi uku sun taso reras. Mutanen kwalekwale suka kama tafi. Ma'aikaciyar ta ɗauki hoto ta kowane gefe, ta ce za ta riƙa koyar da sababbin ma'aikata da shi. Ta ce da duk masu jaka irin wannan suke yi, da kadojinta sun yi barci lafiya.

Baraka ta fassara mashi wannan ma, amma kogi take kallo.

Cikin kwalekwale ta zauna can ƙarshen benci, ta ajiye jakar a tsakaninsu da shafinta a waje. Birai suna ta tsalle a kan itatuwa, ba wanda ya ce wa wani duba. Sun yi tafiya mai nisa, sai mai tuƙi ya kashe inji ya nuna gaɓa da haɓa.

Ga shi nan kwance a kan laka, baki a buɗe, tsawonshi ya kusa na kwalekwalen. Ko motsi ba ya yi. Malam Dabo ya miƙe tsaye sai da aka ja rigarshi. "Allahu Akbar. Allahu Akbar! Malama, dubi bayan! Ashe na gefen ƙanana ne, mulmulallu. Ni na yi su manya. Hoton nan ya cuce ni, na yi kuskure."

"Wannan ne kaɗai kuskuren da ka gani?"

Ya zauna. "A'a."

"To ina ji."

"Tsoro na ji, Malama. Ranar da aka ce kada ce, ranar gidanku suka fara ganina mutum. Na ce in na faɗa za su koma ganin mai gyaran takalmi. Ke ma haka."

"Ni? Da na ce na yarda da kai, an kai lefe? Baduku na gani na ce ina so, ban san da wani kada ba. Abin da ya ƙona mani rai, ka bar ni wata biyu ina faɗin abin da ba shi ba, har a wurin karatun Alƙur'ani."

"Ki yafe mani."

"Zan yafe. Amma duk kunnen da ya ji kada sai ya ji akuya."

"Har Hajiya Ramla?"

"Da ita za a fara."

Daidai nan kadan ya rufe baki, ƙarar kamar an buga ƙyaure, ya sulale cikin ruwa ya nufo wajensu. Baraka ta ce ba ta san lokacin da ta tsallake jakar ta cakumi hannun Malam Dabo tana salati ba. Mai kwalekwale yana ta dariya, wai wucewa kawai zai yi. A masauki ta aro allura da zare, ya mayar da audugar ya ɗinke shafin, ita tana riƙe mashi bakin jakar.

Kwana biyu da dawowarsu suka ce in raka su GRA kai tsaraba. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka sha ruwa. Baraka ta ɗora jakar a kan tebur ta buɗe baki za ta fara, sai Malam Dabo ya ɗaga mata hannu.

"Alhaji, Hajiya, akwai maganar da ya kamata in yi tun ranar lefe. Jakar nan ba kada ba ce. Akuya ce, ni na yi mata wannan zanen. Na ji an ce kada na yi shiru, don na ga an karrama ni. Sai a can, da wata ma'aikaciyar gandun daji ta tare mu a kan fatar kada ce, na faɗi gaskiya. Laifina ne, ba na Malama ba."

Hajiya Ramla ta jawo jakar ta juya ta, ta shinshina, ta ajiye. "To ai ni dama tun ranar na ɗan ji wani wari-wari."

"Hajiya," in ji Alhaji Nu'uman, "ke da kika kira ƙawayenki na Kaduna a waya?"

Ta tashi ta ce bari ta duba abinci, kuma ba ta fito ba har muka yi sallama. Shi Alhaji bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi Malam Dabo ya ce, "Ma'aikaciyar da aikinta ke nan, ita ma ta ɗauka kada ce?"

Baraka ta ce, "Shekara tara tana aikin, Yaya. Sai da ya warware mata ɗinki."

Ya ce, "Ikon Allah." Ya rako mu har bakin titi, ya tsaya tare da mu cikin rana sai da muka samu Keke Napep.

A hanya Malam Dabo yana gaba kusa da direba, mu biyu a baya. Baraka ta leƙa ta taɓa kafaɗarshi.

"Malam, saura Islamiyya ranar Asabar. Wannan ni zan yi da kaina."

"Allah Ya ba da sa'a."

"Kuma wata jakar nake so. Tunda yanzu ka gan shi ido da ido, ka gyara na gefen nan."

Ya juyo gaba ɗaya, har direba ya ce ya zauna daidai. "Ƙanana, mulmulallu," ya ce. "Kin lura da na wuyan kuwa? Guda shida ne, a dunƙule. Na ƙirga su kafin ya shiga ruwa."